Bin Yayi da Kuɗin Ɗalibi: Shawarwari Daga Zauren 'Yan Makarantun Zariya

'Yar Samaru: Assalamu alaikum 'yan zaure. Sanyi ya ƙarato, bayansa ga azumi ga Sallah, ga ankon 'yan aji. Don Allah masu sani, ta yaya ɗaliba za ta fita tsaf da abin da ake yayi ba tare da ta taɓa kuɗin abincinta ba?

Anti Mai Ɗinki: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki lura da kyau, abin da ke canzawa duk shekara hannun riga ne, da wuya, da mayafi. Jikin riga bai cika canzawa ba. Saboda haka ki sa tela ya yi miki jiki mai sauƙi, ya bar inci 1 da rabi a cikin ɗinki ta kowane gefe, kuma kada ya yanke rarar. Idan yayin hannu ya sauya, a farke hannun kaɗai a sa wani. Hannu mai kumbura yana cin kusan yadi 1, ƙarami rabin yadi ya isa. Shi ya sa ake karɓo ƙyallen da ya rage a wajen tela a adana. Idan babu, a sa yadi marar zane wanda ya dace da launi ɗaya a jikin atamfar.

Turmi yadi 6 ne. Ku biyu ku haɗa kuɗi ku raba 3-3, kowa ta fitar da riga da ɗankwali, siket kuma a yi da baƙin yadi mai kauri wanda zai hau riguna da yawa. Tsohon zanin Mama yadi 2 ne, yana fitar da riga ko gajeren kimono. Dogo sai da yadi 3. Amma ki ɗaga shi a rana tukuna, domin wajen zama shi ke fara sakin jiki, kada a yanko gaban riga daga nan.

'Yar Samaru: Na gode Anti. Ana wanke sabuwar atamfa kafin a kai ɗinki?

Anti Mai Ɗinki: Ƙwarai. Auduga tana tsukewa a wankin farko, shi ya sa riga ke ɗagewa, zif ya yi tudu a baya. Ki jiƙa a ruwan sanyi, ki shanya a inuwa, ki goge. Kuma ki kai ɗinkin Sallah tun Sha'aban. Idan azumi ya raba, kuɗin ɗinki ya hau, aikin kuma gaggawa ce.

Ɗan Kongo: Bari in ɗora da batun gwanjo. A Kasuwar Sabon Gari ko ta Samaru, ka tambayi mai shago ranar da yake buɗe dila, ka je da sassafe, don zaɓin farko shi ne kaya. Rigar sanyi kuwa an fi samunta da rahusa idan zafi ya shigo wajen Maris, a saya a ajiye wa baɗi. Wanda bai yi haka ba, ya saya yanzu kafin iska ta kankama. Wuraren dubawa: hammata, bayan wuya, bakin hannu, zif, sai tsakanin cinya idan wandon jins ne. Maɓalli da zif gyara ne mai arha. Tabon hammata da ya zama rawaya da wuya ya fita, a bar shi.

Idan an kawo gida a jiƙa da omo da Dettol, a shanya a rana sosai, a goge. Suwaita ta ulu daban take: ruwan sanyi, ba a murɗe ta, ba a rataye ta a igiya, shimfiɗa ta ake yi. Ruwan zafi yana tsuke ta, rataya kuma tana ja ta ta zube. Ƙananan ƙulle-ƙullen jikinta reza ke share su, a hankali.

Malam Marini: 'Ya'yana, shaddar da ta koɗe kada ku yar, rini yana dawo da ita. Amma a fara gwada yadin: a zaro zare daga cikin ɗinki a ƙona. Idan ya yi warin takarda ya bar toka mai laushi, auduga ce, za ta sha rini. Idan ya narke ya dunƙule kamar leda, roba ce, asarar kuɗi za a yi. Rini kuma daga haske yake tafiya zuwa duhu. Fara ko ruwan madara za ta koma shuɗi ko ruwan ƙasa, amma ja ba ta komawa ruwan hoda.

A wanke sitaci ya fita tas, in ba haka ba rinin zai yi dabbare-dabbare. Mai sayar da garin rini zai auna muku soda (mai ƙona fata, ba ta girki ba) da haidiro, wato sinadaran da ke sa rini ya shiga yadi, daidai da yawan yadin. A haɗa a bahon roba da ruwan zafi, ban da tukunyar alminiyam don soda tana cin ta. Soda ake zubawa cikin ruwa kaɗan-kaɗan, ba a zuba ruwa a kanta. A sa safar hannu, a yi a tsakar gida inda iska take. A tsoma kayan a jiƙe, ana juyawa minti 15 zuwa 20. Kada ku tsorata da launin da za ku gani a baho, sai ya sha iska ainihin launin ke fitowa. Daga nan a ɗauraye har ruwan ya yi fari, a sa sitaci, a kai wa mabuga. Bugu ne ke dawo wa shadda da sheƙinta.

Anti Mai Ɗinki: Malam, a ƙara musu da cewa zaren keke yawanci roba ne, ba zai kama ba. Aikin wuya zai zauna da tsohon launinsa, don haka a zaɓi rinin da zai dace da shi.

'Yar Gyallesu: Ni dai ina jin ana cewa a sa gishiri a ruwan wanki don kada atamfa ta zuba.

Malam Marini: Gishiri ba ya riƙe launin da bai kama ba tun daga kamfani, 'yata. Abin da ke kare atamfa shi ne ruwan sanyi, sabulu mai sauƙi, kada ta kwana a jiƙe, a juya cikinta waje a shanya a inuwa. Hypo kuwa ko kusa.

Ɗan Kongo: Maza ma akwai hanya. Jamfa da wando yadi 4 ne ga matsakaicin mutum. Tsohuwar babbar riga ta Baba tana da faɗin da za a fitar da jamfa, musamman irin aikin hannun cikin birnin Zariya, a bar aikin aljihu da na wuya yadda suke. Sai dai a nemi izininsa, kuma a kai wa telan da ya san aikin hannu. Hula kuma a kai wa masu wankin hula su ɗora ta a kan itace, za ta miƙe.

'Yar Samaru: Allah Ya saka da alheri. Saura duwatsun da ake mannawa a mayafi da abaya, suna yawan zubewa.

Anti Mai Ɗinki: Ki sayi masu gam a bayansu. Ki jera su, ki ɗora siririn ƙyalle, ki danna dutsen guga sakan 10 zuwa 15, ban da tururi kuma ban da gogawa. Ki bari ya huce kafin ki ɗaga. A kan shifon ki rage wuta don yana ƙonewa, ki fara gwadawa a bakin mayafin. Wankinsa da hannu ne, ba a cuɗa wajen duwatsun.