Shawarar iyayen Agege kan renon yara a gaban kyamara

A zaman da iyaye suka yi a Agege kan iyalan da ke nuna rayuwar gidansu a talabijin, bakin mafi yawa ya zo ɗaya: yaro bai san nauyin abin da ya yarda da shi ba, amanar tana wuyan iyayensa. Kada a ɗauki kukansa, wankansa ko jinyarsa, domin abin da ya hau intanet ba ya sauka, kuma 'yan ajinsu za su gani. Wata malama ta ce a ajiye masa kuɗin da ya samu daga shirin har ya girma, kamar yadda dokar Faransa ta 2020 kan yaran da ke fitowa a bidiyon intanet ta tanada. Wannan shawarar ta fi kwanta mini. Masu kallo kuwa, su yi wa iyaye gyara, su daina zagin yaron.