Neman shawara: koren fenti mai sirkin toka a falo

Mai tambaya: Assalamu alaikum, 'yan uwa. Tun muna gidan haya, inda aka yi wa ko'ina fenti ruwan madara har da ɗakin girki, kuma mai gidan ya hana a taɓa bangonsa, nake da burin idan Allah ya ba mu namu in yi wa falona kore, amma ba kore shar ba, mai sanyi wanda ya sirka da toka, irin launin garin kuka. Yanzu mun kammala gini, mai fenti ya haɗa kalar ya shafa hannu ɗaya, wato shafawar farko, a bango guda, sai maigidana ya shigo da daddare ya ce falon ya yi duhu. Kujeruna ruwan ƙasa ne, iyayena suka yi mini, ba zan iya sauya su ba. Saura mako biyu mu tare, kuma hankalina ya tashi. In ci gaba ko in fasa?

Hajiya Babba: Ki fasa, 'yata. Falo wurin baƙi ne, kuma ruwan madara yana karɓar kowane irin labule. Duk wadda na sani ta yi kore, shekara ba ta zagayowa sai ta gundura.

Malam mai fenti: A yi mini afuwa, Hajiya, amma ba a yanke wa fenti hukunci da hannu ɗaya, balle da daddare. Kala takan sauya idan ta bushe, sannan farin ƙwan lantarki yana fito da tokar da ke cikin koren, shi kuwa mai hasken rawaya yana tausasa shi. A shafa hannu biyu kusa da taga da kuma a kusurwa, a duba da safe, da azahar, da dare. Malama, tagoginki nawa, kuma ina suke kallo?

Maman Ilham: Ni dai masu haɗa kala sun ba ni haushi. Namu ya haɗa bokiti ɗaya na lita 20, da ya ƙare ya sake haɗa wani da ido, har yau bangona biyu ba su yi daidai ba, kuma da na yi magana sai ya ce hasken rana ne. Ki tsaya a kansa ya haɗa duka lokaci guda.

Mai tambaya: Na gode, amma mai fentina ƙwararre ne, shi ya yi wa yayata aiki. Kuma Hajiya, ba don yayi na zaɓi koren nan ba, ruwan madarar ne ya ishe ni.

Hajiya Babba: To, tunda maigidan ya ce bai yi masa ba, ai magana ta ƙare. Ki kai korenki uwar ɗaka, ki bar falo da haske.

Mai tambaya: Bai ce bai yi masa ba, Hajiya, cewa ya yi akwai duhu. Kuma an riga an sayi fentin.