Neman kalma: me za mu kira "distortion" a faifan garmaho?

Mai Shiri: Assalamu alaikum malamai. Gobe da safe zan naɗi shiri kan gyaran garmaho, sai kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya: distortion. Waƙa na fitowa, amma ba yadda aka naɗe ta ba, duk inda mawaƙi ya furta "s" sai ka ji kamar ana yaga takarda. Na rubuta "gurɓatar sauti", raina dai bai kwanta ba.

Tsohon Makaniki: Wa'alaikumus salam. Gurɓata ai wani abu ne ya shigo daga waje, kamar ƙura a tsagar faifai, mai sa ƙas-ƙas. Wannan kuwa allura ce ta kasa bin tsaga daidai. Ka lura, in waƙoƙin farko garau suke, na kusa da tsakiya ne suka lalace, ga dalili: faifan na juyi 33 da sulusi a minti, amma a bakinsa tsagar na wuce allura da kusan santimita 50 a daƙiƙa, can ciki ta sauko wajen 20. Sauti ya matsu, allurar da ta cinye ko aka ɗaura a karkace sai ta gaza. Mu a wurin aiki "ya dishe" muke cewa.

Malama: Dishewa ta maƙogwaro ce, Baba. Me zai hana "jirkicewar sauti"? Jirkita abu shi ne canza masa kama.

Mai Kishin Harshe: To a dunƙule ta mana: jirkisau. Kuma don Allah a daina cewa garmaho, aron Turanci ne. Na'urar juya faifai ta isa.

Tsohon Makaniki: Malam, kakanninmu garmaho suka ce. Ita allurar ma daga Larabci ta zo, za mu jefar da ita?

Mai Kishin Harshe: Da haka muke raina namu. In baƙo ya ƙirƙiro kalma sai mu karɓa da gudu, in namu ne sai a yi shiru.

Malama: Ba raini ba ne. Mai sauraro zai ji jirkisau sau ɗaya a iska, ba shi da wanda zai tambaya.

Mai Shiri: Lokaci na ƙurewa. In a lasifika ɗaya kawai sautin ke jirkicewa fa?

Tsohon Makaniki: Nan sai ka duba saitin da ke hana hannun allura zamewa ciki, da nauyinta, yawanci giram 1.5 zuwa 2.5. Mutane na tsoron nauyi, alhali rashinsa ne ke sa allura tsalle tana cin tsaga. Gurnani kuma na wayar da ke sauke lantarki ƙasa ne, rawar murya ta bel ɗin da ke juya faifai ce, kada ka haɗa su wuri ɗaya.

Mai Shiri: Na gode, Baba. Zan ce jirkicewar sauti, in ƙara da cewa masu gyara na kiranta dishewa.

Mai Kishin Harshe: A yi da ita gobe, amma ban janye jirkisau ba.