Da gaske ne iskar oksijin tana cutarwa idan ta yi yawa?

Uwar Biyu:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mahaifinmu ya haura shekara 70, ya daɗe yana shan sigari kafin Allah ya sa ya daina, yanzu yana fama da cutar toshewar hanyoyin numfashi da likitoci ke kira COPD. Da aka sallamo shi daga asibiti an ce a riƙa sa masa oksijin a gida da na'urar nan mai tace iska, lita 2 a minti ta robar hanci, aƙalla awa 15 kullum. Ma'aunin oksijin ɗin jini da muke maƙala masa a yatsa yakan tsaya a 89 ko 90, wani lokaci 91.

To yayana ya zo dubiya, ya gwada ma'aunin a nasa yatsan ya ga 98, hankalinsa ya tashi. Ya ce ina dalilin barin tsoho a 90 alhali na'ura tana kaiwa lita 5? Ya murɗa ta har ƙarshe. Lamba ta hau 97, kowa ya yi murna. Amma tun daren nan Baba sai barci, da safe ya tashi da ciwon kai, ana yi masa magana yana amsawa da ƙyar. Yaya ya ce hutu ne ya samu tunda numfashi ya daidaita. Ni dai zuciyata ta ƙi kwanciya. Don Allah masu sani, iskar da muke rayuwa da ita za ta iya cutar da mutum?

Nas Mai Aikin Dare:

Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, kafin dogon bayani: ki mayar da na'urar lita 2 yanzu, amma kada ki cire masa gaba ɗaya, don cirewa farat ɗaya kan sa oksijin ɗin jini ya faɗi ƙasa da inda yake tun farko. Sannan ku kai shi asibiti yau, ku faɗa wa likita abin da ya faru, a gwada iskar jininsa. Barcin nan ba hutu ba ne. Yawan barci, ciwon kan safe da ruɗewa alamu ne na taruwar kabon dayoksaid a jini, wato gurɓatacciyar iskar da muke fitarwa idan mun yi numfashi, kuma idan aka bari tana kai mutum ga suma.

Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin ɗari ne kawai oksijin a cikinta. Duk abin da aka ƙara a kan wannan magani ne, yana da ƙa'ida kamar allura ko ƙwaya. Ga mai COPD, 88 zuwa 92 ake nema a ma'aunin yatsa, don haka 90 ɗin nan da ya tsorata Yaya shi ne daidai. Sauran marasa lafiya ake kaiwa 94 zuwa 98.

Dalilin kuwa, huhu yana da wata dabara: inda iska ba ta shiga sosai, jijiyoyin jinin wurin sai su tsuke, jini ya karkata zuwa ɓangaren da ke aiki. Huhun Baba ya daɗe yana dogaro da wannan. Da aka kwarara oksijin, jijiyoyin suka buɗe, jini ya koma bi ta wuraren da ba sa iya fitar da gurɓatacciyar iska. Ga shi kuma idan jini ya cika da oksijin yakan saki kabon dayoksaid ɗin da yake riƙe da shi, huhu mai rauni kuma ya kasa fitarwa. Ma'aunin yatsa ba ya ganin wannan ko kaɗan, shi ya sa yake nuna 97 alhali mutum yana nutsewa.

An gwada abin a Tasmaniya ta ƙasar Ostareliya, aka wallafa a 2010. Masu COPD da aka ɗauko a motar asibiti, waɗanda aka buɗe wa oksijin da ƙarfi kashi 9 cikin ɗari suka rasu, waɗanda aka auna musu daidai kashi 2. Ni wannan adadin ne ya sa ba na gajiya da roƙon 'yan jinya su bar maƙunnin nan inda muka ajiye shi. Ƙauna ce take kai hannunsu, na sani, amma ta halaka mutane.

Uwar Biyu:

Na gode Anti, Allah ya saka da alheri. Na mayar lita 2, muna shirin fita. Amma ke nan masu COPD kaɗai abin ya shafa?

Malamin Kimiyya:

Allah ya ba Baba lafiya. A'a Hajiya, ko mai lafiyayyen huhu bai tsira ba, illa dai hanyar ta bambanta. Jiki yana amfani da oksijin ne wajen ƙona abinci, kuma a wannan aikin wasu ɓurɓushi masu lalata ƙwayoyin halitta suna fita. A ma'aunin da muka saba, jiki yana share su. Idan oksijin ya yi yawa sai su fi ƙarfinsa. Bafaranshe Paul Bert ya nuna a 1878 cewa oksijin mai matsi sosai yana sa dabbobi jijjiga irin ta farfaɗiya, abin da masu nutso a teku suke tsoro har gobe. A 1899 kuma Lorrain Smith ya nuna yana lalata huhu. Wanda ya yi kwana ɗaya ko biyu yana shaƙar fiye da kashi 60 cikin ɗari yakan fara da tari da zafi a tsakiyar ƙirji. Robar hanci a lita 2 ba ta wuce kusan kashi 28, don haka wannan nau'in cutarwar ya fi shafar waɗanda ke ɗakin kulawa ta musamman.

Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na bakwaini. Daga shekarun 1940 asibitoci suka riƙa cika kwalbar jarirai da oksijin, sai makanta ta ɓarke, yara kusan dubu 10 a duniya zuwa 1953. Likita Kate Campbell a birnin Melbon na Ostareliya ce ta danganta abin da oksijin a 1951, saboda yana hana jijiyoyin bayan idon jariri girma yadda ya kamata. Da aka gane, sai aka rage shi fiye da kima, mutuwar jarirai da lalurar ƙwaƙwalwa suka ƙaru. Shi ya sa yau ake tsare bakwaini a ɗan tsukakken wuri, galibi 90 zuwa 95 a ma'aunin oksijin ɗin jini.

Nas Mai Aikin Dare:

Madalla da ka kawo rabin labarin na biyu, Malam, don ina tsoron wani ya karanta mu ya ƙi yarda a sa wa ɗansa oksijin. Ƙarancinsa yana kisa cikin mintuna, yawansa kuwa sai an ɗauki awoyi ko kwanaki. Yaro mai ciwon nimoniya da leɓensa ya canza launi, ko wanda ya shaƙi hayaƙin janareta, a ba shi ba jira. Mai shaƙar hayaƙin ma kashi ɗari ake ba shi, ko da ma'auni ya nuna 99, domin na'urar ba ta bambance oksijin da gubar hayaƙin.

Shi kansa ma'aunin a yi hattara da shi. Binciken Jami'ar Mishigan ta Amurka na 2020 ya gano yana ɓoye ƙarancin oksijin a masu baƙar fata kusan ninki uku fiye da farare. Yatsa mai sanyi da jan farce ma suna rikita shi. Saboda haka a dubi mutumin tare da lambar: yadda yake numfashi, ko yana gane mutane, ko yana iya ƙarasa magana.

Uwar Biyu, idan kun dawo ki roƙi likita ya rubuta adadin lita da lambar da ake nema a takarda, ki manna a jikin na'urar don masu zuwa dubiya. Kada kowa ya sha sigari ko ya kunna wuta kusa da ita, kuma idan hancin Baba ya bushe kada a shafa masa Vaseline, mai da oksijin suna saurin kamawa da wuta. A nemi abin shafawa da aka haɗa da ruwa, marar maiƙo, a wurin mai ba da magani.