Daren da agarar Rodgers ta tsinke: ina kuke, me kuka gani?

Baban Hanifa, Bronx
Salamu alaikum jama'a. Akwai wani yaro a garejinmu da ya fara bin ƙwallon zari-ruga ta Amurka kwanan nan, yake ce min wai in dai ya kalli shirin bayan fagen ƙungiya kafin a fara kaka to ya gama sanin inda za ta ƙare, har an tura masa lambar masu sayar da hasashen caca. Shi ya sa na ce bari in tado maganar ƙungiyar New York Jets ta 2023, duk wanda ya kalli shirin bayan fagen nasu, wato Hard Knocks, na watan Agustan shekarar sannan ya ga wasan daren Litinin 11 ga Satumba don Allah ya ba mu nasa labarin.

Ni ina kan aiki da tasi. Tun la'asar nake sauke mutane a Penn Station za su kama jirgin ƙasa zuwa filin MetLife a New Jersey, kowa da koriyar riga mai lamba 8, lambar Aaron Rodgers, sabon mai jifan ƙwallo da Jets suka ɗauko. Wani dattijo da na ɗauka ya ce min rabon Jets da kofi tun Janairun 1969 yana yaro, ya ce bana dai ko ana ha-maza-ha-mata sai sun ɗauka, ya nuna min wayarsa ya zuba kuɗi a kan haka tun kafin a buga wasa ko ɗaya. A rediyon mota na ji an ce Rodgers ya fito da gudu riƙe da tutar Amurka fili ya kaure da ihu, ban gama sauke fasinja na gaba ba na ji muryar mai sharhi ta canza, wai Leonard Floyd na Buffalo Bills, abokan karawarsu, ya kayar da shi, ya miƙe ya sake zama a ƙasa. Taɓi na huɗu kenan da ya yi wa Jets. Dattijon nan ne kawai ya faɗo min a rai wallahi.

Sadiq Hotoro, Kano
Wa alaikumus salam Baba. Mu nan ƙarfe ɗaya da kwata na dare aka take wasan, gidajen kallo duk sun tashi, da ma ba sa saka shi, a waya muka kalla ni da abokina a soron gidansu sauro na cin mu. Abin da ba zan manta ba shi ne wani gurup na Telegram da muke ciki dukanmu, ni don labarai na shiga shi kuma har biya yake a ba shi abin da suke kira tabbataccen gem. Da yamma an turo masa saƙo ta bayan fage wai ya bi Bills, labari ne daga cikin gida. Ni kuma da ban taɓa biyan sisi ba aka turo min kyauta wai in bi Jets, shi ma labari daga cikin gida, mutum ɗaya ne fa ya turo. Muka ajiye wayoyin biyu a kan tabarma muna kallon saƙonnin. Wato ya raba mu biyu ne, dole rabi su ci, gobe ya buga hoton tikitinsu ya ce kun gani. Da Jets suka ci 22 da 16 washegari kuwa haka ya yi, ya bi ni da farashin rajistar wata.

Anti Rabi, Columbus
Sadiq ƙanina Allah ya tsare ku. Ni aikin gashin ƙashi nake a asibiti, kuma ina ganin maimaicin bidiyon a hankali na ce wa maigida wannan agara ce, saboda za ka ga sha-raɓar ƙafarsa ta hagu ta yi wani irin girgiza kamar an saki igiyar guga. Maigida ya ce ai ya miƙe tsaye, na ce miƙewa ba komai ba ce, mai tsinkakkiyar agara yana iya tsayawa har ya ɗan taka, ɗaga dunduniya ne ba zai iya ba. Mutum mai shekara 39, ko da wane likita ya ɗinke shi watanni ake magana. Ya koma atisaye a ƙarshen Nuwamba mutane suka sake ɗaukar zafi wai zai buga, bai buga ba har kaka ta ƙare.

Abin da ya fi tsaya min shi ne a wurin aiki. Ohio ta buɗe cacar wasanni ranar 1 ga Janairun 2023, to lokacin abin sabo ne kowa na ɗoki, ɗakin hutunmu ba hirar da ake sai ta tikiti. Wata abokiyar aikina mai yara uku ita kaɗai ke riƙe da su, ta kalli shirin nan kaf ta kamu da son Rodgers yadda yake jan yara matasa a jiki yana koya musu, ta sa kuɗi a kan wasan daren da kuma kan kakar gaba ɗaya. Na daren an mayar mata, kamfanin ya ce ta'aziyya ce, amma a matsayin kuɗin sake bugawa ba wanda za ta cire ba. Na kakar kuwa ya tafi. Ni na rufe mata aikin ranar Asabar don ta je ta yi wani aikin na biyu ta cike kuɗin haya.

Malam Issoufou, Harlem
Hajiya abin da kika faɗa shi ne zancen. Ni ba na caca, addini ya hana kuma magana ta ƙare, amma lissafi nake koyarwa kuma ɗalibaina manya sun sha kawo min tikitinsu in duba. Mafi yawan caca a NFL, wato babbar gasar wannan ƙwallo, sai ka zuba dala 110 kafin ka ci 100, ma'ana ko ka canka daidai sau 52 cikin ɗari har yanzu ba ka mayar da uwar kuɗinka ba. In ka haɗa wasa biyar shida a tikiti ɗaya rabon kamfani ƙaruwa yake, shi ya sa shi suka fi tallatawa. Tun da Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokar hana cacar wasanni a watan Mayun 2018 abin ya ɓalle, New York ta buɗe ta waya a Janairun 2022, ita kanta NFL ta ƙulla yarjejeniya da kamfanonin caca na DraftKings da FanDuel da Caesars a 2021, amma ta dakatar da ɗan wasa Calvin Ridley kakar 2022 sukutum don ya yi caca. A daren nan ina zaune da ɗana mai shekara sha uku, ana jan Rodgers a ƙaramar mota zuwa ciki aka tafi talla, tallan caca ne, yaron ya juyo ya ce Baba mene ne kuɗin kyauta na farko. Kashe sauti na yi har aka dawo.

Ɗan Zango, Yonkers
Malam ku yi haƙuri ni zan ɗan kare shirin. Ba laifin masu kyamara ba ne mutum ya ɗauki fim ya mayar da shi duba. Ni ina cikin filin a daren, wani maƙwabcina ne ya ba ni tikitin matarsa, can sama muke. Bayan faɗuwar Rodgers mutum sama da dubu saba'in suka yi tsit, na kusa da ni ya cire hula ya rufe fuska. Zach Wilson ya shigo a madadinsa ba wanda ya sa rai. Amma Jordan Whitehead na Jets ya cafke jifan Josh Allen na Bills har sau uku, Garrett Wilson na Jets ya yi wani kamu da hannu ɗaya da har yau ban san yadda ya yi ba, aka tafi ƙarin lokaci. Sai ga Xavier Gipson na Jets, yaron da ba ƙungiyar da ta zaɓe shi a daraf, wato zaɓen sababbin 'yan wasa, wanda a shirin muka ga an kira shi ofis yana zaton sallama ce ashe albishir za a yi masa ya samu gurbi, shi ya karɓi ƙwallon da Bills suka doko ya ruga yadi 65 har gida. Da ban kalli shirin ba ai da lamba kawai zan gani tana gudu. Na yi ihu har muryata ta dishe kuma ban sa ko kwabo ba.

Baban Hanifa, Bronx
Ɗan Zango ba mu ce shirin ba daɗi ba, ni ma saboda Robert Saleh kocin Jets na lokacin na kalla, Musulmi na farko da ya zama babban koci a NFL, kuma yayansa yana cikin benen kudu na World Trade Center ranar harin 11 ga Satumban 2001 Allah ya kuɓutar da shi, ka ga ranar wasan ba ƙaramar rana ba ce a wurinsa. Amma ka tuna Jets ba su so a ɗauke su a shirin ba, Saleh ya faɗa a fili, tilasta musu aka yi. Daga mutum 90 ake rage 'yan wasa zuwa 53, a shekarun baya nan ne shirin yake nuna hawaye, su Jets suka ce ba za a nuna korar kowa ba. To ka ga albishir ɗin Gipson an nuna mana, na waɗanda aka ce su kwashe kayansu ba mu gani ba.

Anti Rabi, Columbus
Kuma masu tare wa Rodgers gaba fa, tun a atisaye 'yan jarida suke cewa layin nan yana yoyo, a shirin an ɗan taɓo maganar Saleh ya yi musu faɗa aka wuce zuwa raha da waƙa. Abokiyar aikina rahar ta riƙe. Sun ƙare kakar da ci 7 faɗuwa 10, Oktoban 2024 aka sallami Saleh bayan wasa biyar. Baban Hanifa in yaron garejin naku ya riga ya biya kuɗin rajista ku ce ya duba bankinsa, irin waɗannan suna ci gaba da cira duk wata ko ya fita daga gurup ɗin, ita sai da ta canza kati.