Abin da muka tattara kan haɗa jitar lantarki a Garwa

'Yan'uwa, maganar da muke ta yi kan yadda za a haɗa jitar lantarki ta yi tsawo, ga abin da na tsinta.

1. Katako: kowa ya yarda maɗaci ya fi sauƙin samu a nan, kuma yana riƙe sauti. Amma sai ya bushe sarai. Wani ya sassaƙa wuyan jita da ɗanyen katako a ƙarshen damina, hunturu na shigowa wuyan ya lanƙwashe kamar baka. Don haka kada a manta da sandar ƙarfen da ake sawa a cikin wuya don ta riƙe shi a miƙe.

2. Awo: nan babu gardama. Daga kan wuya zuwa jaki (abin da tsirkiya ke hawa a jikin jita), a jitar kamfanin Fender milimita 648 ne, a ta kamfanin Gibson kuma wajen 628. A cikin ƙarafan da ke jere a kan wuya, inda ake danna tsirkiya, na 12 yana daidai tsakiyar wannan awo. Ka kuskure milimita biyu, tsirkiya za ta riƙa yi maka ƙarya.

3. Maɗaukin sauti, wato abin da ke mai da motsin tsirkiya lantarki: a nan aka rabu. Wasu sun ce a naɗa da hannu, siririyar wayar tagulla a kan maganaɗisu, zagaye wajen 8,000. Wasu suka ce wayar ta kai gashi siranta, tana tsinkewa, gara a ciro daga tsohuwar jita ko a yi saƙo daga Duwala. Ni dai ina bayan na biyun.

4. Ƙugi a lasifika, musamman da janareto: a shafe ramin wayoyi na jikin jita da takardar alminiyam, a haɗa ta da wayar ƙasa.

Fenti kuwa, a jira ƙura ta lafa.