Ina ake samun kalmomin Turanci ta yawan haruffa tare da ma'anarsu?

Maman Yara: Assalamu alaikum 'yan zaure, don Allah ku taimaka min. An saka yarona cikin masu buga Scrabble na makarantarsu, wasan nan na jera haruffa a kan allo a haɗa kalmomin Turanci, malaminsu ya ce kowa ya haɗo kalmomi masu harafi biyu, masu uku, masu biyar, da waɗanda ke da Q ko Z a ciki, kuma ya zo da ma'anarsu. Ƙamus ɗin gida kun san daga A zuwa Z yake tafiya, ba ruwansa da tsawon kalma, sai ƙirga haruffa muke da yatsa. Ba wata hanya mai sauƙi?

Ɗan Zariya: Wa'alaikumussalam Hajiya. Ki shiga OneLook a intanet, kyauta ne. Alamar tambaya tana tsayawa a madadin harafi ɗaya, alamar tauraro kuma a madadin haruffa ko nawa ne. Misali ki rubuta ?r?ne zai jero miki crane, drone, prone, brine, prune, duk masu harafi biyar da suka yi tarayya a R da N da E, kina taɓa kalma zai kai ki ga ma'anarta. Ni da shi nake duba kalmomi bayan na gama Wordle, wasan nan da jaridar New York Times ta saya a 2022, kalma mai harafi biyar, dama shida ake ba mutum.

Anti Likita: Ɗan Zariya ya faɗi gaskiya amma data fa. Ki sauke manhajar ƙamus ta WordWeb a waya sau ɗaya, daga nan ko babu sabis yana aiki.

Tsohon Ɗan Wasa: Hajiya kafin komai ki tambayi malamin da wane jerin kalmomi za su yi gasar, don a nan ake yawan samun rigima. Mu a Najeriya Collins Scrabble Words ake bi, Amurka da Kanada suna da nasu daban, akwai kalmar da za ta wuce a nan can kuma a ƙi ta, kamar ZO. To idan yaro ya haddace daga shafin da ba na Collins ba zai rasa kalmomi da yawa da abokin karawarsa ke da su. Ki nemo masa Zyzzyva, manhajar da 'yan gasa ke bita da ita ce, kana ce mata haruffa kaza tsawo kaza ta zubo maka. Kuma ya fara da masu harafi biyu, 127 ne kacal a Collins, su ne ke ba ka damar manna kalma a jikin wata ka ci maki ta gefe biyu. QI, ZA, JO, XU, waɗannan wlh ko cikin barci aka tashe shi ya kamata ya kawo su, Q da Z maki goma-goma ne, J da X takwas-takwas.

Maman Yara: Ikon Allah, wai waɗannan ma Turanci ne? Me suke nufi?

Tsohon Ɗan Wasa: QI ƙarfin rai ne a tunanin mutanen Sin, ZA gajartar pizza, JO masoyi a bakin mutanen Scotland, XU ƙaramin kuɗin Vietnam, ZO kuma wata dabba ce irin saniya a yankin Tibet. Amma gsky a kan allo ba mai tambayarka ma'ana, kalma ta kasance a jeri shi ke nan, kar ya ɓata lokaci a kai.

Malamin Turanci: A'a yallabai, a nan kam ban bi ka ba. Kai gasa kake hange, yaron nan kuma ɗalibi ne, gobe WAEC da JAMB na jiransa, kuma malamin nasu da ya ce su zo da ma'ana ya san abin da yake yi. Na sha ganin yaran da suka haddace ɗaruruwan kalmomi amma ka ce su saka guda a jimla sai su yi shiru, abin yana damuna sosai. Kuma kalmar da ka san ma'anarta ta fi zama a kai. Ɗauki masu Q babu U, yaro Bahaushe kana gaya masa QADI alƙali ne, QIBLA alƙibla, FAQIR fakiri, ya riƙe ke nan ba sai ya maimaita ba. Hajiya shawarata ki saya masa littafi mai shafi arba'in, kowane tsawon kalma da sashensa, ya rubuta kalma, ma'anarta da Hausa, sai jimla ɗaya da ya ƙirƙira da kansa. Ma'anar kuma ya duba a Oxford Advanced Learner's Dictionary, bayaninsa ya fi sauƙi ga ɗalibi, wadda babu a ciki sai ya nema a shafin Collins.

Tsohon Ɗan Wasa: Na karɓa Malam, ga ɗalibi haka ya fi. Sai dai a bar shi da gajeru tukuna, dubi Wellington Jighere ɗan Najeriya da ya ci gasar duniya a Perth ta Ostiraliya a 2015, ɗan Afirka na farko, ai 'yan wasanmu da iya sarrafa gajerun kalmomi aka san su. In ya ƙware sai ya shiga masu bakwai, duk wanda ya zubar da haruffansa bakwai a tashi ɗaya ana ƙara masa maki 50. Ya fara da A E I N R S T, daga su kaɗai ake fitar da retains, nastier, retinas, stainer.

Maman Yara: Allah Ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Zyzzyva ɗin tana hawa waya ko sai kwamfuta?

Tsohon Ɗan Wasa: Ta kwamfuta dai na tabbatar akwai, ki rubuta Collins Zyzzyva wajen nema, ki tabbata da sunan Collins a jiki kafin ki sauke.